Kurakuran da aka fi yi wajen koya wa yara aikin injiniya da fenti mai haske a duhu

Yaro ya shafa fenti a kwali, an kashe fitila, kwalin ya yi kore shar, kowa ya tafa, sai a tattara kaya a ce an yi darasi. Nan ne kuskure na farko, kuma daga shi sauran suke fitowa: an fara da fenti kafin a samo matsala. A ba yaron matsala ta gaske. Misali, ƙanwarsa na laluben bango da dare ba ta samun makunnin fitila, sai ya yi mata alama mai haske a duhu da za ta nuna mata shi. Kafin a taɓa burushi, a zauna tare a rubuta sharuɗɗa: alamar ta ganu daga taku biyar, ta kai awa uku bayan an kashe fitila, kada girmanta ya wuce tafin hannu. Haka manya ma suke yi. Bayan harin bam na 1993 a Cibiyar Kasuwanci ta Duniya da ke Niyok, inda mutane suka sha wuyar saukowa matakala cikin duhu da hayaƙi, an sa irin waɗannan alamu a matakalun ginin, kuma a 2004 birnin ya wajabta su a dogayen gine-ginen ofisoshi.

Sai sayen abin da ba shi ake nufi ba. Abubuwa uku ne ake rikitawa. Akwai fenti mai ƙyalli wanda ba ya haske sai a ƙarƙashin fitilar UV (mai fitar da wani irin haske da ido ba ya gani), da an kashe ta shi ke nan. Akwai sandar roba da ake lanƙwasawa ta kama haske. Sinadarai biyu ne ke haɗuwa a ciki, sau ɗaya ake amfani da ita, kuma kada a bar yaro ya yanka ta, don akwai ƙaramar kwalba a cikinta. Na ukun ne ake buƙata: wanda ke shan haske ya riƙe, ya riƙa sakinsa a hankali. Shi ma iri biyu ne. Tsohon, na sinadarin zinc sulfide, yana saurin dusashewa. Na sinadarin strontium aluminate, wanda kamfanin Nemoto na Japan ya samar a 1993, ya fi shi haske da daɗewa nesa ba kusa ba. A karanta jikin gwangwanin kafin a biya.

Da yawa kuma sukan ce fentin jabu ne, alhali ba a ba shi hasken da yake sha ba. Hasken rana da fitilar UV sun fi cika shi, jan haske kuwa kusan banza ne. Idan aka shafa shi a baƙin kwali, kwalin zai shanye hasken. A fara shimfiɗa fari a ƙasa. Idan gari ne aka saya, a kwaɓa shi da gam garai-garai wanda ake ganin bayansa, domin fenti mai kauri zai rufe ƙwayoyin.

Inda na fi jin takaici shi ne wajen gwaji, domin nan ne ainihin karatun yake, kuma nan aka fi yin sakaci. Yaro ya ƙara kaurin shafi, ya canza kwali, ya kuma sa shi a rana maimakon ƙarƙashin tocila, duk a lokaci guda. Ya yi haske, to amma wanne ne ya kawo canjin? Babu wanda zai iya cewa. A yanka kwali uku iri ɗaya: a shafa wa na farko fenti sau ɗaya, na biyu sau biyu, na uku sau uku. A ajiye su gefe da gefe, nisa ɗaya daga fitila ɗaya, minti goma cur da agogo. A kashe fitilar, a duba a minti biyar, da talatin, da awa ɗaya, a rubuta daga taku nawa ake ganin kowanne.

Ido ma yana yaudara. Yakan ɗauki minti 20 zuwa 30 kafin ya gama sabawa da duhu, shi ya sa wanda ya shigo yanzu zai ce alamar ta mutu, wanda ya jima a ɗakin kuma yana ganinta sarai. Kyamarar waya ita ma tana ƙara wa hoto haske da kanta, don haka hoton ba shaida ba ne sai an kulle saitin. Ga tambaya mai kyau da za a jefa wa yaron: ƙanwarka da ta farka tsakar dare, wane ido take da shi a cikin biyun?

Hannun babba kuma a janye shi. Idan ka ga yaron zai shafa a baƙin kwali, ka bar shi ya shafa, sannan ka miƙa masa fari ya kwatanta da kansa. Kwalin farko in haskensa bai kai awa ukun ba, kada a jefar. A rubuta masa lamba 1 a baya, da abu ɗaya tak da za a canza a lamba 2.