Adon farce da jan lalle a gida

Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Ga mai son adon farce amma tana gudun jan farce saboda alwala, jan lalle ya ishe ki, ruwa na ratsa shi.

Ki tankaɗe garin lallen sosai, ki kwaɓa da ruwan lemun tsami da ɗan sukari, ki rufe shi ya kwana. Sukarin nan kada ki raina shi. Zafin garin Garwa na Kamaru a watan Maris yana busar da lalle kafin ya kama, sukarin ne ke riƙe masa danshi. Ki wanke farcen da sabulu, domin maiko na hana shi kamu. Sai ki yanka salatif siri-siri da almakashi, ki liƙa a karkace ko ki rufe rabin farcen, ki shafa lallen a sama. Ɗige-ɗige kuwa, tsinken sakace ya fi komai. Bayan awa 3 ki kankare.

Amma ki zaɓi zanen da ba zai gundure ki ba. Lalle ba ya gogewa a farce, sai dai farcen ya tsiro, kusan milimita 3 a wata. Ni dai na taɓa yin wani karkataccen layi, wata 4 ina kallonsa.