Idan tayar mashin ta yi faci a hanya

'Yan uwa masu shiga ƙauye da mashin, da zarar ka ji bayan mashin yana rawa yana jan ka gefe, kada ka danne birki da ƙarfi. Saki totur, riƙe kan da kyau, ka taɓa birkin tayar da take lafiya a hankali har ka sauka gefen titi.

Don Allah kada ka ce bari in lallaɓa a kai zuwa wajen mai faci. Na yi haka tsakanin Gumel da Maigatari, tafiya kaɗan bawul ya tsinke daga jikin tif, ƙaramin faci ya koma sayen sabo. Sauka ka tura.

Ka riƙa ɗaure tif guda, ƙaramin famfo, sifana da ƙarafan cire taya biyu a kariya. Kafin ka sa sabon tif, shafa cikin tayar da yatsa sannu a hankali, domin ƙayar aduwa kan maƙale a ciki ba ka gani, ta sake huda shi nan take. Ɗan ba shi iska kafin ka tura shi ciki, kada ƙarfe ya cije shi.

Tayar da ba ta da tif kuwa, idan ƙusa ce ta huda ta, bar ƙusar a jiki sai ka isa wajen mai faci.