Yadda za ka yanke hoto guda a Photoshop ba tare da ka taɓa sauran ba

'Yan uwa masu haɗa katin biki da fosta a Agege da Idi-Araba sun sha yi mini wannan tambaya. Ga matakan:

1. Danna F7, jerin leyoyi (Layers, wato shimfiɗun da kowane hoto ko rubutu yake zaune a kai daban) zai bayyana.
2. Taɓa leyar hoton da kake son yankewa.
3. Danna Ctrl+J ka yi kwafinta, sannan ka danna alamar ido da ke gefen ta asalin don ta ɓoye.

Hattara: kada ka danna C. Almakashin nan shafin gaba ɗaya yake datsewa, har da rubutunka.

4. Danna M ka ɗauki abin zaɓar wuri mai siffar akwati.
5. Ja akwati a kan wurin da kake so ya tsaya a hoton.
6. A ƙasan jerin leyoyin, danna alamar murabba'i mai da'ira a tsakiya. Marufin ke nan. Ya ɓoye sauran, bai goge komai ba, shi ya sa na fi son sa a kan magogi.
7. Taɓa ƙaramin hoton marufin, mai baƙi da fari.

A nan aka fi yin kuskure. In hoton ka taɓa maimakon marufin, fuskar amarya za ka shafa wa baƙin fenti.

8. Danna B ka ɗauki buroshi.
9. Shafa baƙi inda kake son ɓoyewa.
10. In ka zarce, danna X ya koma fari, ka shafa ya dawo.
11. Adana aikin a matsayin PSD, wato fayil ɗin Photoshop mai riƙe leyoyi, kafin a ɗauke wuta. JPEG haɗe leyoyi yake yi, sai dai ka fitar wa mai buga kati da shi daban.