Yadda ake neman digiri na biyu a fannin tsara filaye da lambuna

Duk shekara idan damina ta fara ja da baya, sai ƙannenmu da suka gama bautar ƙasa su fara turo mini tambaya iri ɗaya: wace jami'a ce ta fi iya koyar da tsara filaye da lambuna, kuma nawa ne kuɗinta? Amsar da nake ba su ba ta cika yi musu daɗi ba. Nakan ce a ajiye maganar jami'a tukuna, a nuna mini abin da aka taɓa zanawa. A wannan fanni kundin zanenka ne yake shigar da kai, sauran takardu rakiya suke yi masa.

Kafin mu kai can, ka tabbata ka san abin da za ka je karantawa, domin mutane da yawa sun ɗauka shuka furanni ne a gaban otal. Shuka tana ciki, amma ba ita ce babba ba. Aikin shi ne duk abin da ke tsakanin gini da gini: inda ruwan sama zai bi idan ya sauko, inda inuwa za ta faɗi da ƙarfe biyun rana, wane tudu za a yanke, wane kwari za a cike, ta ina mai keken guragu zai hau. A 1858 ne Frederick Law Olmsted da Calvert Vaux suka ci gasar zana Central Park na birnin New York, a 1900 kuma jami'ar Harvard ta fara koyar da aikin a matsayin fanni mai zaman kansa. Idan kana son misali na kusa, dubi lambun Al-Azhar na Alƙahira da aka buɗe a 2005. Juji ne na kusan shekara 500, aka kwashe, aka gyara ƙasar, ya zama wurin shan iska na kimanin hekta 30. Ko Millennium Park na Abuja, wanda ɗan Italiya Manfredi Nicoletti ya zana, aka buɗe shi a 2003. Wanda ya kalli irin waɗannan wurare ya ji yana son sanin yadda aka bi da ruwansu da ƙasarsu, to shi ne ɗalibin wannan fanni.

Ta wace ƙofa za ka shiga

A takardun jami'o'i sunan digirin MLA, wato Master of Landscape Architecture, wasu a Birtaniya kuma MA suke ba shi. Ƙofa biyu gare shi. Wanda ya yi digirin farko a zanen gine-gine ko a wannan fanni kansa, hanyarsa gajera ce. Wanda ya fito daga labarin ƙasa, tsara birane, gandun daji, aikin gona, injiniyancin gini ko zane-zane, shi ma ana karɓarsa, sai dai zai daɗe. A Amurka sabon shiga shekara uku yake yi, mai digirin zane kuma yawanci biyu. A Birtaniya, jami'o'i irin su Sheffield da Edinburgh suna da kwas na shekara biyu ga wanda ya zo daga wani fanni. A Afirka ta Kudu akwai Pretoria da Cape Town, a Holan akwai Wageningen. Ƴan'uwanmu na Nijar da suka yi karatu da Faransanci, makarantar da ta yi suna a wannan aiki tana Versailles, da jarrabawar gasa ake shigarta.

Kada ka raina na gida. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Legas duk suna ba da wannan digiri. Ni a ganina, wanda ya san a Kano ko Kaduna ko Maraɗi zai yi aikinsa, ya fara duba Zariya da kyau. Malamin da ya san hazo da zafin watan Afrilu da ƙasar jigawa zai koya maka abin da ba za ka samu a garin da ake ruwa kusan duk wata ba. Abin da waje ya fi mu da shi kayan aiki ne, da ɗakin karatu, da kamfanonin da za ka yi koyon aiki a cikinsu. Ba ƙaramin abu ba ne, amma ka san abin da za ka biya wa kuɗin.

Idan kuma niyyarka ka yi aiki a can bayan karatu, akwai tambayar da ba a tsallake ta: ƙungiyar ƙwararrun ƙasar ta amince da wannan kwas? A Birtaniya Landscape Institute ce ke tantancewa, a Amurka hukumar LAAB, kuma bayan digirin akwai jarrabawar lasisi mai suna LARE. A Afirka ta Kudu rajista a hannun SACLAP take. Jami'a ɗaya tana iya samun kwas biyu masu suna kusan iri ɗaya, ɗaya an tantance shi, ɗaya ba a yi ba. Jerin yana shafin ƙungiyar, can za ka duba, kada ka tsaya ga tallar jami'a.

Kundin zane

A nan zan daɗe, domin a nan ake faɗuwa. Kundayen da ake turo mini yawancinsu hotunan kwamfuta ne na gidaje masu bene, da ciyawa kore shar, da itatuwan da ba a taɓa ganinsu a Arewa ba. Masu tantancewa sun ga irinsu har sun gaji. Abin da suke nema shi ne shaidar cewa ka iya kallon wuri, ka gane matsalarsa, ka nuna tunaninka daki-daki.

Saboda haka ka zaɓi wuri guda da ƙafarka ke iya kai ka. Harabar makarantar firamaren unguwa ta isa, ko bakin kududdufin da ake ta cikewa da shara ana gini a kai, ko filin idi. Ka je da safe, ka je da azahar, ka je da yamma. Ka ɗauki tef ɗin awo da littafin zane. Ka lura da inda masu sayar da abinci suke zama, da ƙarƙashin wace bishiya dattawa suke shimfiɗa tabarma, da hanyar da ƙafafun yara suka fitar a cikin fili, wadda ba wanda ya zana ta. Mafi muhimmanci, ka je ana tsakiyar ruwan sama ko da ɗaukewarsa, ka bi ruwan da ido: daga wane indararo ya sauko, ina ya taru, ina ya ci ƙasa, wace kwata ce ta toshe.

Ba sai kana da na'urar safiyo ba kafin ka auna gangare. Ari tiyon ruwa mai haske irin wanda magina ke daidaita gini da shi, ka cika shi da ruwa, ka kafa turaku biyu mita goma tsakani, wani ya riƙe baki ɗaya kai ka riƙe ɗaya. Ruwan zai tsaya daidai a ɓangarorin biyu. Ka auna daga bakin ruwan zuwa ƙasa a kowane turke. Idan bambancin santimita 20 ne a mita goma, gangaren kashi 2 cikin 100 ke nan, wanda kusan shi ne mafi ƙarancin da ake so a fili mai ciyawa don kada ruwa ya kwanta. Hanyar keken guragu kuwa kada ta wuce hawan mita ɗaya a tsawon mita 12. Ka zana wannan a takarda kamar an yanka filin ana kallonsa daga gefe, da mutum a tsaye a ciki don a gane girmansa. Wannan zane guda ɗaya ya fi hoton kwamfuta goma daraja a wurinsu.

Sai ka kawo shawararka, da itatuwan da suka dace da wurin da dalilin kowanne. Darbejiya don inuwa mai sauri, tsamiya da maɗaci ga wanda zai iya jira, cediya nesa da gini saboda saiwarta. Gawo kuwa halinsa dabam ne: da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore, shi ya sa manomi ke barinsa a tsakiyar gona. Ka rubuta sunan kowace bishiya na kimiyya kusa da na Hausa. Idan za ka tare ruwa, ramukan rabin wata da ake haƙawa a Nijar don farfaɗo da ƙasa dabara ce da za ka iya ɗauka ka daidaita ta da harabar makaranta. Tunanin nan na barin ƙasa ta sha ruwa maimakon a kore shi ta lambatun kankare shi ne ya ɗaukaka sunan mai tsara filaye Kongjian Yu na ƙasar Sin a duniya. Kai kuma ka taso a inda ake yin irinsa da fartanya, kada ka ɓoye wannan.

Aiki uku ko huɗu masu kyau sun isa. Ka saka zanen hannu ko da bai yi kyau sosai ba, ka saka gwajin da ka fara yi kafin ka kai ga na ƙarshe. Idan aikin haɗin gwiwa ne, ka faɗi ɓangaren da ka yi da hannunka. Kowace jami'a tana faɗin adadin shafi da nauyin fayil, kada ka ƙara ko shafi ɗaya. Wanda bai taɓa karatun zane ba, hotunan da ya ɗauka da idon basira, taswirar da ya haɗa, ko lambun da ya shuka ya rubuta tarihinsa wata-wata duk suna shiga. Manhajar haɗa taswira ta QGIS kyauta ce, ka fara da ita. AutoCAD da SketchUp da Photoshop za su zo, InDesign kuma don jera shafuka.

Sauran takardu da maganar kuɗi

Takardar bayanin manufa ta ɗauko daga kundin. Kada ka buɗe ta da cewa tun kana yaro kake son itatuwa, kowa haka yake rubutawa. Ka ambaci wurin da ka auna, tambayar da ya bar maka, da malami ko ajin zane na wannan jami'a da kake ganin zai taimake ka a kanta. Wannan yana nufin kowace jami'a da tata takardar.

Takardar sakamakon jarrabawa daga jami'arka ta farko ita ce ke cin lokaci, ka neme ta da wuri, ka kuma riƙa bibiya. Wasu jami'o'in Amurka da Kanada suna so a tantance ta ta hannun WES, cibiyar da ke tantance takardun karatun ƙasashen waje. Wasiƙun shaida biyu ko uku, daga malamin da ya san aikinka, ko da ƙarami ne, ba farfesan da bai san fuskarka ba. Ka tura masa kundin kafin ya rubuta. Na Turanci, maki 6.5 a jarrabawar IELTS ake yawan nema, amma wasu jami'o'in Birtaniya suna karɓar sakamakon WAEC, sai ka tambaya kafin ka kashe kuɗi. A gida kuma sai da takardar bautar ƙasa.

Wajen tallafin karatu akwai tarko guda da ya kamata ka sani. Chevening, tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya, kwas na shekara ɗaya kawai take biya, tana kuma neman shekara biyu ta aiki, wato awa 2,800. Don haka wanda zai yi kwas na shekara biyu na masu sauya fanni ba zai same ta ba. Gidauniyar Mastercard tana aiki da Edinburgh da Pretoria da Cape Town, sai dai ba kowane kwas ne ke cikin jerinta ba, kuma jerin yana canzawa. A Amurka yawancin taimakon daga jami'ar kanta yake fitowa, ta hanyar ragin kuɗin makaranta ko aikin taya malami. Idan sun ba ka gurbi da ragi kaɗan, rubuta musu cikin ladabi ka faɗi abin da za ka iya biya, ba laifi ba ne. Mai iyali ya sani cewa tun Janairun 2024 Birtaniya ta hana ɗaliban digiri na biyu na aji, wato wanda ba na bincike ba, zuwa da mata ko miji da ƴaƴa. A lissafinka ka saka kwamfuta mai ƙarfi, da kuɗin buga manyan zane, da kwali da gam na haɗa samfuri, da tafiye-tafiyen aji. Ba sa cikin kuɗin makaranta, kuma suna taruwa.

Karatun kansa a situdiyo ake yinsa. Za a ba ku fili, ku yi makonni a kansa, sannan ka liƙa aikinka a bango ka tsaya gaban juri, wato kwamitin masu tantancewa, su yi ta tsefe shi. Wanda ya yi zanen gine-gine ya san wannan zafi, sabon shiga kuwa ya shirya. A gefe akwai darasin daidaita ƙasa da magudanar ruwa, da kayan gini, da ilimin ƙasa, da haddace tsirrai da sunayensu na Latin, waɗanda a waje yawancinsu baƙi ne gare ka.

Jami'o'in Amurka suna rufe karɓar takardu tsakanin Disamba da Janairu, a fara karatu a Agusta. Birtaniya a Satumba ake farawa, amma tallafin karatu kusan shekara guda kafin nan yake rufewa. Afirka ta Kudu a Fabrairu suke buɗe shekara. Ka lissafa baya daga ranar rufewa: wata shida don kundi, wata uku don takardar sakamako da wasiƙun shaida. Kuma tunda kundin yana buƙatar ka ga filinka cikin ruwa, awon da hotunan na daminar da ta gabaci neman ne, tsakanin Yuli da Satumba.