Kurakuran da ke sa marubuciya ta rasa gurbinta a ƙungiya

Shekara uku ke nan ina cikin masu kula da wata ƙungiyar marubuta ta WhatsApp a nan Bauchi, kuma babu ranar da ke yi mini nauyi kamar ranar da za mu cire wata. Dokarmu ba ta da tsauri: wadda ta fara littafi ta riƙa sako feji, wato kashi ɗaya na labarin, ko sau ɗaya ne a mako, in ta yi wata guda shiru babu uzuri, a ba wata gurbinta. Duk da haka ana ta faɗuwa a ramuka iri ɗaya.

Wanda ya fi cin mutane shi ne sakin littafi da zafinsa. Labari ya faɗo miki cikin dare, kika yi tayifin feji uku, gari na wayewa kika saki, masu karatu suka yi ta "Allah ya ƙara basira". Mako na biyu sai ga jarrabawa, ko bikin ƙanwa, ko a ɗauke wuta kwana uku. Na taɓa iske wata ƙanwata a unguwar Fadaman Mada tsaye a shagon mai caji, wayar na jone, tana tayifin da babban yatsa ɗaya, gumi na zuba, don kawai kada a ce ta saɓa alkawari. Fejin da ta saki ranar ita kanta ba ta so shi ba. 'Yar'uwa, kada ki saki feji na ɗaya sai kina da goma a ajiye. Ki zaɓi ranar da kika san za ki iya, ko Asabar ce kaɗai, ki riƙe ta.

In lalura ta taso kuma, ki faɗa. Layi biyu ga shugabar ƙungiya sun isa. Ba mu taɓa cire wadda ta ce tana jinya ba.

Akwai masu cika wuri da gaisuwar Juma'a da tallan atamfa da turaren wuta, suna ganin an san suna nan. Gaisuwa abu ne mai kyau, amma ba a lissafa ta cikin aiki, kuma talla tana binne fejin wasu.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne wadda duk littafinta a cikin hirar ƙungiya kawai yake. An sace waya a kasuwa, layi ya tafi, feji tamanin sun bi shi. WhatsApp kan goge asusun da ya yi kwana 120 bai hau intanet ba, abin da kika ɗora a sitatus kuwa awa 24 ne ya ɓace. Manyan dandamali ma ba su da tabbas: OkadaBooks, inda marubutanmu da yawa suka sayar da littattafai, ya rufe a ƙarshen Nuwamban 2023. Ki fara rubutu a wani wuri naki, ki tura wa kanki ta imel, sannan ki saki. Asusun Google yana ba da gigabayit 15 kyauta, rubutu kuwa ba ya cin wuri, sai dai ki riƙa leƙa shi, domin wanda aka bari shekara 2 ba a taɓa ba ana iya goge shi. Ni har littafin makaranta mai layi nake da shi, inda nake rubuta sunayen taurarina da inda kowane feji ya tsaya.

Sai batun suna. Feji yana fita daga ƙungiyarmu da safe, kafin la'asar ya kai Gombe da Azare, wani lokacin an yanke samansa inda sunan marubuciya yake. Ki sa sunanki, sunan littafin da lambar fejin a sama, ki maimaita sunan a tsakiyar rubutun inda mai yanka ba zai lura ba. In ke ce mai tura aikin wata, ki nemi izininta, ki bar mata sunanta yadda ta rubuta shi.