Yadda za ka bi takardun diyyar ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki

Idan takardar hatsari ta iso teburinka a Yamai, fara da duba kwanan wata. Awa 48 aka ba mai ɗaukar ma'aikaci ya sanar da CNSS, wato hukumar inshorar ma'aikata ta Nijar, saboda haka ka gwada ranar hatsarin da ranar sanarwa. Sai ka tabbatar ma'aikacin yana da lambar rajista, kuma sunan da likita ya rubuta shi ne na katinsa.

Daga nan ka tashi ka je wurin da ƙafarka, waya ba ta wadatarwa. In magini ne ya faɗo daga bene, duba tsanin da ya taka, ka nemi yaron da ke miƙa masa bulo. Kowane shaida ka ja shi gefe shi kaɗai. A gaban mai gida ba wanda zai ce tsanin ya daɗe da tsagewa, kowa yana tsoron abincinsa.

Hatsarin hanya ya fi wuyar sha'ani. Wanda mota ta buge tsakanin gida da wurin aiki yana da haƙƙi, amma ka tambayi ƙarfe nawa ne, wace hanya ya bi, ko ya ratse kasuwa don sabgar kansa. Karɓi takardar 'yan sanda.

Kwanakin hutu da girman nakasa likita ke faɗa, kada ka sa baki. Naka shi ne lissafi daga takardun albashi. Rubuta rahoto, ka sa hannu, ka gaya wa ma'aikacin ranar da zai dawo da takardun da suka rage ya kawo.