Yadda ma'aikacin laburare zai nemi horo da ziyarar gani da ido, ya dawo da abin amfani

Mun sha gani a wurin aiki. Mutum ya tafi kwas na mako uku a ƙasar waje, ya dawo da satifiket da jakar taro da hotuna cike da waya. Bayan wata shida ka leƙa sashensa, ka tarar da littattafan da aka sayo bara suna nan jibge cikin kwali, ko lamba ba a ba su ba. Ba laifin horon ba ne. Ya tafi ne ba da wata tambaya a ransa ba, shi ya sa duk abin da aka nuna masa ya zama kallo. Ga yadda za a kauce wa wannan.

Mataki na 1: Rubuta matsalarka kafin ka nemi kwas

Ɗauki takarda ka rubuta abu ɗaya tak da ya fi damun laburarenku. Ɗaya nake nufi, ba jerin koke-koke ba. Kundayen digirin ɗalibai ne gara ke ci a sito? An kafa muku Koha ne, manhajar tafiyar da aikin laburare, amma babu mai iya shigar da bayanan littafi yadda ya kamata? Ko yaran sakandare ne suka ɗauke ƙafa, sai masu shirin jarrabawa da ke zuwa neman inuwa da fanka? Idan matsalar ba ta shiga layi biyu ba, ba ka gama tunani ba. Wannan takarda ita za ta zaɓa maka kwas, ita za ta zama ƙashin bayan takardar nemanka, ita kuma za ka riƙe a hannu ranar ziyara.

Mataki na 2: Fara da maƙwabta

Mutane da yawa da sun ji kalmar ziyara sai hankalinsu ya tafi Amurka ko Ingila. A ganina ziyarar farko ta fi amfani idan ba ta wuce tafiyar mota ba, domin wanda za ka tarar yana fama da ƙurar hunturu da ɗaukewar wuta irin taka. Mai aiki a jami'a ya nemi kwana biyu a Laburaren Kashim Ibrahim da ke Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ko Laburaren Kenneth Dike na Jami'ar Ibadan. Mai riƙe da tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da Ajami ya je Arewa House a Kaduna, ya zarce Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. A Yamai kuma akwai sashen rubutattun littattafan Larabci da Ajami na cibiyar bincike ta IRSH. Wasiƙa ɗaya daga shugaban laburarenku zuwa nasu ta isa. Ka faɗi ranar zuwa, mutum nawa ne, da sashen da kuke son gani.

Wannan ziyara tana da wani amfani na daban: gobe idan kana neman tallafin fita waje, za ka nuna cewa ka riga ka motsa da kuɗin aljihunka.

Mataki na 3: San ƙofofin da ake ƙwanƙwasawa

A gida, ka tabbatar kana biyan kuɗin ƙungiya. Ƙungiyar Ma'aikatan Laburare ta Najeriya, NLA, tana nan tun 1962, kuma ta rassanta na jihohi sanarwa ke fara fitowa. Ka yi rajista da LRCN, hukumar da dokar 1995 ta kafa don tantance masu wannan sana'a.

A nahiya akwai AfLIA, ƙungiyar laburarorin Afirka, wadda aka kafa a 2013, hedikwatarta a Akara. Tana shirya horon shugabanci da kwasa-kwasan intanet, har da na koyar da ma'aikatan laburare gyara Wikipedia, abin da ya dace da mai son ganin an ƙara rubutun Hausa a can. Masu aiki da Faransanci sun san EBAD, makarantar koyon aikin laburare ta Jami'ar Cheikh Anta Diop a Dakar. Ƙungiyar EIFL ta daɗe tana horar da ma'aikatan laburaren jama'a, ta kuma kai matasansu ziyara ƙasashen waje.

A can nesa, Cibiyar Mortenson ta Jami'ar Illinois a Amurka, wadda aka buɗe a 1991, tana karɓar ma'aikatan laburare na 'yan makonni, a haɗa musu darasi da zagayen laburarori. Ba baƙuwa ba ce a wajenmu, don ta yi aiki da laburarorin jami'o'in Ahmadu Bello, Bayero, Jos da Ibadan da tallafin gidauniyoyin Carnegie da MacArthur. Akwai kuma shirin haɗin gwiwar IFLA, tarayyar ƙungiyoyin laburare ta duniya, da OCLC, ƙungiyar haɗin kan laburarori da ke Amurka, da aka fara a 2001, wanda ya riƙa kai sababbin shiga sana'a garin Dublin na jihar Ohio na mako huɗu. Babban taron IFLA kansa ya sauka Afirka: Nairobi a 1984, Durban a 2007, Cape Town a 2015.

Irin waɗannan shirye-shirye suna buɗewa suna rufewa gwargwadon aljihun masu tallafi, saboda haka ka duba shafin masu shirin da kanka, kada ka dogara da saƙon da aka turo a WhatsApp. Duk wanda ya ce ka tura kuɗin fom asusun wani mutum kafin a ba ka wasiƙar gayyata, ka rabu da shi.

Mataki na 4: Rubuta takardar nema

A nan ake zubar da mafi yawan mutane. Masu tantancewa sun gaji da karanta "ina ƙaunar littattafai tun ina yaro". Ba su lissafi: mutum nawa ke shigowa a rana, littafi nawa kuke da shi, kwamfuta nawa ke aiki, awa nawa kuke samun wuta. Ka faɗi matsalar nan taka, abin da ka gwada ya ƙi, da abin da za ka yi cikin wata uku bayan dawowa. Kada ka yi alkawarin mayar da laburare gaba ɗaya kan kwamfuta alhali ko na'urar ɗaukar hoton takardu ba ku da ita. Sun san ƙarya idan sun gan ta.

Mai rubuta maka wasiƙar shaida ya zama wanda ya ga aikinka da idonsa, ba mai babban muƙami da bai san sunanka ba. Ba shi mako biyu aƙalla. Idan aka ƙi ka, gyara ka sake turawa baɗi.

Mataki na 5: Izini, kuɗi da takardu

Sanar da oga tun ranar da ka cika fom, kada ya fara ji ranar da gayyata ta zo. Tambayi abin da masu shiri za su biya da wanda ba za su biya ba: jirgi, masauki, abinci, inshorar lafiya, kuɗin biza. Ma'aikatan manyan makarantun gwamnati na iya neman tallafin halartar taro na TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ta hannun makarantarsu. Duba kwanakin da suka rage wa fasfo, ka nemi katin rigakafin shawara. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza zuwa Akara ko Dakar, amma ta Turai da Amurka a fara nemanta da wuri.

Mataki na 6: Ranar ziyara, nemi ɗakin baya

Mai masauki zai fara kai ka inda ya fi kyau: babban zauren karatu, kujeru masu laushi, na'urar da mai aro ke ba kansa littafi. Yaba, ɗauki hoto idan an yarda, sannan ka roƙi a kai ka inda baƙi ba sa zuwa, wato ɗakin da ake buɗe kwalaye, ake ba littafi lamba, ake ɗinke wanda ya yage. Bi littafi ɗaya daga ranar da ya shigo har ya hau kanta, ka ƙirga hannu nawa ya bi da kwana nawa ya ɗauka. Wani lokaci abin da ya bambanta su da ku ba na'ura ba ce, sa hannu uku ne da suka soke.

Ka yi hira da ƙananan ma'aikata, su ne suka san inda takalmi ke matsi. Tambaye su abin da suka saya suka yi da-na-sani. Tambayi kuɗin da ake biya duk shekara don riƙe manhajar da ta burge ka, da wanda ke gyara ta idan ta tsaya. Wannan tambaya kaɗai za ta nuna maka dalilin da ya sa laburarori da yawa a Afirka suka rungumi Koha da DSpace, manhajar adana kundayen bincike: ba a biyan kuɗin lasisi, sai dai dole a samu mai kula da su a cikin gida. Roƙi kwafin fom, ƙa'idar aro, da jadawalin aikin ma'aikata. Takardu ne da yawanci ba a rowarsu.

Kowane dare ka raba abin da ka gani gida uku: wanda za ka iya ranar Litinin ba da ko sisi ba, wanda ke buƙatar sa hannun oga, da wanda sai an jira kasafin kuɗi. Abin da bai shiga ko ɗaya ba, bar musu kayansu.

Mataki na 7: Makon farko bayan dawowa

Miƙa rahoto cikin mako guda, shafi biyu, tun kafin zafin tafiya ya huce. Tara abokan aiki ka yi musu bita, har da masu jera littattafai da masu tsaron ƙofa, amma ka kiyayi yawan "a can kuwa", tana saurin ƙosar da mutane. Zaɓi abu ɗaya daga gidan farko ka fara. Misali, idan makarantarku ta cancanci shiga Research4Life, shirin da ke ba ƙasashe masu tasowa mujallun ilimi ta intanet kyauta ko da rahusa, nemo bayanan shigarta, ka zaunar da malamai biyar ka nuna musu yadda ake sauke mujallu daga rumbunansa na Hinari (lafiya) da AGORA (noma). Rubuta adadin masu amfani kafin ka fara, ka sake ƙirgawa bayan wata uku, ka tura wa oga da waɗanda suka ɗauki nauyinka lambobin biyu a wasiƙa ɗaya.